Gwajin Jini Ba Zai Maye Gurbin Hoton Ƙwaƙwalwa Ba: Martani

Akwai wata maƙala da ake ta yaɗawa tsakanin ma'aikatan lafiya da ɗaliban likitanci kan gwajin jinin da ke gano raunin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya karanta ta zai ga da kyakkyawar niyya aka rubuta ta. Marubucin ya ga yadda ake kawo wanda ya faɗo daga babur kansa ya bugu da kwalta, a ce wa danginsa su nemo kuɗin hoton CT, alhali na'urar tana wani gari mai nisa, ko kuma tana nan amma ta lalace. Wannan damuwa tasa tawa ce ni ma. Sai dai matsayar da ya cimma kuskure ce, kuma irin kuskuren da ke iya cin rai, don haka bai kamata a bar ta ta wuce babu amsa ba.

Ga abin da ya ce, ba tare da na rage masa ƙarfi ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ji rauni, ƙwayoyinta kan saki wasu sinadaran furotin su shiga jini. Yanzu an ƙera 'yar na'urar da ake riƙewa a hannu, tana auna waɗannan sinadarai cikin minti 15, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita, kuma bincike ya nuna gwajin na kama kusan kashi 98 cikin 100 na masu rauni a cikin kai. Saboda haka, in ji shi, ƙasashe irin namu su daina wahalar da kansu wajen sayen na'urar CT mai tsada da cin wuta, su rarraba wannan ƙaramar na'ura a asibitocin ƙananan hukumomi. Ya ƙara da cewa yawan sinadarin a jini yana nuna tsananin raunin, yana kuma nuna ko majinyaci zai tashi, don haka iyali za su san lokacin da ya dace su haƙura, su bar sayar da gona da dabbobi a kan jinyar da ba za ta yi ba. Ya rufe da cewa ɗan ƙwallo ko ɗan dambe na iya komawa fage da zarar lambar ta sauka.

Tushen maganarsa gaskiya ne. Sinadarai biyu ne gwajin ke aunawa. GFAP yana fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa, UCH-L1 kuma yana cikin ƙwayoyin jijiyar ne su kansu. A watan Fabrairun 2018 FDA ta amince da gwajin farko na kamfanin Banyan, wanda sakamakonsa ke ɗaukar awa uku zuwa huɗu. A Janairun 2021 aka amince da na kamfanin Abbott a kan na'urar i-STAT, a 2024 kuma aka amince da samfurin da ake ɗiga masa jini kai tsaye ba sai an tace ba. Ci gaba ne na gaske, kuma ni ma ina fatan ganinsa a asibitocinmu. Inda muka rabu da malamin shi ne aikin da ya ɗora wa gwajin.

A fara da kashi 98 ɗin da ya kafa hujja da shi. Lambar ta fito ne daga binciken ALERT-TBI, wanda Jeffrey Bazarian da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet Neurology a 2018. Manya 1,959 ne aka duba a asibitocin Amurka da Turai, duk cikin awa 12 da buguwar kai. Kowannensu an ɗebi jininsa, an kuma ɗauki hoton kansa. Mutum 125 ne hoton ya nuna suna da rauni a cikin kai, gwajin jini kuma ya kama 122 daga cikinsu, wato kashi 97.6. Mutum 671 gwajin ya wanke su, kuma uku kacal daga cikinsu hoton ya saɓa wa jinin. Har nan babu jayayya. Amma akwai ɗaya rabin lissafin, wanda marubucin bai taɓo ba ko da a layi ɗaya. Mutum 1,288 ne gwajin ya nuna sinadarinsu ya haura iyaka, kashi biyu cikin uku na duk waɗanda aka gwada. A cikinsu 122 ne kawai ke da abin da hoto ya gani. Tara cikin goma na waɗanda gwajin ya yi wa ƙararrawa, da aka ɗauki hotonsu ba a ga komai ba.

Mu sauko da wannan lissafi asibitin ƙaramar hukuma, irin wanda marubucin ke son a ba na'urar a hana shi hanyar CT. An kawo mutum 30 da suka bugu a kai. Goma gwajin zai ce su tafi gida, kuma wannan alheri ne babba, an sauke musu nauyin kuɗi da na tafiya. Ashirin kuwa lambarsu ta haura, kuma biyu ne kawai a cikinsu ke da rauni a cikin kai. To su wane ne biyun? Me likita zai yi da sauran? Zai kwantar da su duka ne a ɗakin da gadajensa ba su kai ashirin ba, ko zai sallame su duka? Amsar da masu gwajin suka bayar da kansu ita ce a ɗauki hotonsu. Abin da FDA ta amince da shi ke nan tun farko: gwajin ya taimaki likita ya tantance wanda ke buƙatar CT. Ta yaya abin da aka yi don zaɓar wanda za a kai wurin hoto zai zama dalilin rufe ɗakin hoton?

Hayaƙi na sanar da kai akwai gobara a unguwa, amma ba ya nuna maka gidan da ke ci. Lambar jini ba ta faɗin inda raunin yake, dama ne ko hagu, ba ta faɗin girmansa, ba ta faɗin ko jini ne ya taru yana danne ƙwaƙwalwa ko kuwa ƙujewa ce da za ta warke da kanta. Likitan tiyata ba zai buɗe ƙoƙon kan mutum a kan lamba ba. Dole ya ga wurin.

Raunin da ya fi tayar mini da hankali a wannan magana shi ne jinin da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da kakkauran tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Galibi ƙashin gefen kai ne ke tsagewa ya yanke jijiyar jinin da ke ƙarƙashinsa. Mutum na iya suma ya farfaɗo, ya yi magana, ya sha ruwa, har ya ce a bar shi ya tafi, sannan bayan 'yan awanni ya fara gyangyaɗi ya zarce. Haka ya faru da 'yar fim ɗin Ingila, Natasha Richardson, a watan Maris na 2009. Ta faɗi tana koyon wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada, ta miƙe tana cewa lafiyarta ƙalau, kwana biyu bayan haka ta rasu. A irin wannan rauni, a farkon lamarin jinin yana wajen ƙwaƙwalwa ne, naman ƙwaƙwalwar bai kai ga lalacewa sosai ba, don haka ba lallai sinadaran su yi tashin da ya dace da girman haɗarin ba. Kuma wannan shi ne raunin da tiyata a kan lokaci ke mayar da mutum gida garau. Wanda ya fi kowa cin moriyar hoto shi ne wanda tsarin marubucin zai fi cutarwa.

Sai batun lokaci, wanda maƙalar ta wuce kamar babu shi. Waɗannan sinadarai ba sa zama a jini suna jiran mai gwaji. Binciken da Linda Papa ta jagoranta, wanda ya fito a 2016, ya nuna UCH-L1 na tashi da wuri, ya kai ƙololuwa wajen awa takwas, sannan ya sauka da sauri cikin kwana biyu. GFAP kuwa sai wajen awa 20 yake kai ƙololuwa. Shi ya sa aka ƙayyade gwajin da awa 12 da farko, daga baya aka faɗaɗa zuwa awa 24. Duk wanda ya san yadda jinya ke tafiya a karkararmu ya san cewa mai hatsari kan fara biyawa ta kyamis, a ɗinke inda ya fashe, in da karaya a kai shi wurin mai ɗori, sai an ga ya fara amai ko surutai washegari ko jibi a nemi mota. Lambar da aka samu a kwana na uku ba ta da ma'anar da aka gina iyakar gwajin a kanta. Idan ta fito ƙasa, likitan da ya dogara da ita zai sallami wanda bai kamata a sallama ba.

Marubucin ya kuma ambaci wani sinadarin, S100B, a matsayin zaɓi mai sauƙi, yana nuni da cewa ƙasashen arewacin Turai na amfani da shi. Haka ne, tun 2013 ƙa'idojin ƙasashen Sikandinebiya suka saka shi, da iyakar mikrogiram 0.10 a lita ɗaya, ga manya masu ƙaramin rauni, kuma cikin awa shida kacal. Amma S100B ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba. Yana cikin kitse, yana cikin guringuntsi, yana cikin ƙwayoyin da ke ba fata launi. Karayar ƙafa ko ta hannu kan ɗaga shi ko da kai bai taɓu ba, kuma wanda ya faɗo daga babur da wuya a same shi da rauni ɗaya. Bincike ya kuma nuna cewa baƙar fata, ko suna cikin ƙoshin lafiya, S100B ɗinsu ya fi na farar fata yawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Iyakar da aka tsara a kan jinin mutanen Suwidin, in aka ɗauko ta yadda take aka ɗora wa mutanen Katsina ko Maraɗi, za ta riƙa nuna rauni ga mutane da yawa da ba su da shi. Shi ma GFAP yana ƙaruwa da shekaru, don haka ƙarfinsa na wanke mutum yana raguwa a tsofaffi. Yara kuwa ba sa cikin waɗanda aka amince a yi wa gwajin, daga shekara 18 ne zuwa sama. Yaran da ke faɗowa daga bishiya, da waɗanda mota ke bugewa a hanyar makaranta, ina tsarin malamin ya ajiye su?

Na'urar ita kanta tana da nata sharuɗɗa. Kowane gwaji da 'yar kwalabarsa da ake jefarwa bayan amfani ɗaya, da kuɗin waje ake sayo ta, kuma a firji ake ajiye ta. An tsara na'urar ta yi aiki a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, alhali a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Damagaram kan haura 40. Wannan matsala ce mai magani, tunda da firji mai aiki da hasken rana ake adana allurar rigakafi a ƙauyuka da dama. Na ambace ta ne kawai don maƙalar ta nuna kamar aljihu kaɗai na'urar ke buƙata.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan martani. Malamin ya ce lamba za ta gaya wa iyali lokacin haƙura. Na san inda maganar ta samo asali. A 2022 Frederick Korley da tawagar binciken TRACK-TBI ta Amurka sun wallafa sakamakon mutum 1,696 da aka auna jininsu a ranar da suka ji rauni, aka bibiye su wata shida. A ma'aunin da 0.5 ke nufin shaci-faɗi, 1.0 kuma ke nufin daidai babu kuskure, GFAP ya samu 0.87 wajen hasashen mutuwa, UCH-L1 ya samu 0.89. Sakamako ne mai kyau ga mai bincike. Amma me 0.87 ke nufi? Idan ka ɗauko mutum ɗaya da ya rasu da ɗaya da ya rayu ka kwatanta lambobinsu, sau 87 cikin 100 na wanda ya rasu ne zai fi yawa. Sauran 13 kuwa lamarin a juye yake. Wannan bayani ne a kan taron jama'a. Bai isa a tsaya a gaban uwa a ce mata ɗanta ba zai tashi ba. A wannan binciken dai, da aka zo hasashen ko mutum zai koma daidai yadda yake kafin hatsari, lambobin sun faɗo zuwa 0.62 da 0.61, kaɗan suka ɗara shaci-faɗi. Ashe tambayar da iyali suka fi yi, wato zai koma aiki, zai gane 'ya'yansa, zai iya komawa kasuwa, ita ce wadda gwajin ya fi rauni a kanta.

Ƙwaƙwalwa kuma a hankali take farfaɗowa. Tawagar TRACK-TBI ta nuna a 2021 cewa cikin masu mummunan rauni, wajen kashi 12 cikin 100 ne kawai ke cikin hali mai kyau bayan mako biyu, amma da shekara ta zagayo kusan rabinsu sun kai matsayin iya kula da kansu a gida na tsawon awanni. Mafi yawan waɗanda ba su san inda kansu yake ba a mako na biyu sun dawo hayyacinsu kafin shekara. Da an bi shawarar marubucin a ranar farko, mutum nawa daga cikinsu za a ɗauke daga asibiti? Kuma abin takaicin shi ne, idan aka janye jinya saboda lamba, majinyaci ya rasu, sai a ce lamba ta yi gaskiya. Babu wanda zai taɓa sanin cewa janyewar ce ta kashe shi.

Likitocin da suka fi daɗewa da irin wannan gwaji sun san wannan haɗari. Ga wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi amma bai dawo hayyacinsa ba, ana auna wani sinadari mai suna NSE. Ƙa'idojin Turai na 2021 sun ce ko ya haura mikrogiram 60 a lita, ba a yanke hukunci da shi kaɗai, sai an haɗa da wata alama daban, kuma ba kafin awa 72 ba. NSE ɗin ma yana cikin jajayen ƙwayoyin jini, don haka idan suka farfashe a kwalabar gwaji lambar na tashi ba tare da ƙwaƙwalwa ta ƙara lalacewa ba. In waɗanda ke da kowane irin kayan aiki suna wannan taka-tsantsan, me zai sa mu da muke da ƙasa da haka mu fi su gaggawa? Na san talauci gaskiya ne, na san jinya na rusa gida. Amma iyalin da za su ɗauki irin wannan mataki mai nauyi haƙƙinsu ne a gaya musu gaskiyar abin da aka sani da iyakarsa, ba a miƙa musu lamba a matsayin hukunci ba.

Batun ɗan wasa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Wace lamba ce za ta sauka? UCH-L1 da GFAP na sauka cikin kwanaki. Akwai kuma wani sinadari, NfL, da ke fitowa daga dogayen zaruruwan jijiya da suka tsinke. Binciken da masana na Imperial College da ke Landan suka jagoranta a 2021 ya nuna shi sai tsakanin kwana goma da mako shida yake kai ƙololuwa, kuma yana iya zama sama da ƙa'ida har shekara. Wato a lokacin da na farko suka sauka, wannan hawa yake yi. Taron masana kan buguwar kai a wasanni da aka yi a Amsterdam a 2022 ya bar waɗannan gwaje-gwaje a matsayin kayan bincike, bai mayar da su ma'aunin komawa fili ba. Ɗan damben da har yanzu kansa ke sarawa, haske ke damunsa, yake manta abin da aka gaya masa da safe, bai warke ba, ko da jininsa ya fito fes. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta huce ba ya fi na farko haɗari. Ko a cikin masu abin da ake kira ƙaramin rauni, binciken TRACK-TBI na 2019 ya samu kashi 53 cikin 100 har yanzu da sauran matsala a harkokinsu na yau da kullum bayan shekara guda.

Abin da masana fannin suke yi a zahiri ya saɓa wa abin da maƙalar ta ɗora musu. Tun 1974, lokacin da Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da ma'aunin Glasgow, likitoci ke auna buɗe ido da magana da motsi su ba da maki, wanda a yau yake daga 3 zuwa 15, su kasa rauni zuwa ƙarami da matsakaici da mai tsanani. Kowa ya yarda wannan rabe-rabe ya yi kaɗan. A 2025, ƙarƙashin cibiyar binciken cututtukan ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, aka gabatar da sabon tsari mai ginshiƙai huɗu: abin da likita ya gani a jikin majinyaci, sinadaran jini, hoto, da kuma yanayin mutum kamar shekarunsa da cututtukan da yake da su da yadda raunin ya faru. Jini ya samu gurbinsa, kuma ya cancanta. Amma ƙara shi aka yi a kan sauran, ba a cire ko ɗaya don a ba shi wuri ba.

Matsayina a fili yake. Ina son gwajin GFAP da UCH-L1 ya shigo asibitocinmu, ga manya masu ƙaramin rauni da suka iso cikin lokaci, domin kashi ɗaya cikin uku da zai sauke wa nauyin hoto ba ƙaramin abu ba ne a wurin da kuɗin CT ke iya cinye abin da magidanci ya samu a wata. Ina son asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su fara gwada shi a kan jinin mutanenmu, su kwatanta da hoto, kafin a yarda da iyakokin da aka tsara a wata nahiya. Ban yarda a karkatar da ko kwabo daga kuɗin na'urar CT da gyaranta da motar ɗaukar majinyata da horar da likitocin tiyata ba, domin duk inda aka kai gwajin nan, buƙatar hoto na gaggawa ga waɗanda ya nuna ba za ta gushe ba. Ban kuma yarda a yi amfani da shi wajen janye jinya ko mayar da ɗan wasa fili ba.

Ko wanda gwajin ya wanke, a gaya wa danginsa kafin su fita cewa uku daga cikin 671 hoto ya saɓa wa jininsu. Idan ya fara amai a kai a kai, ko ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa ya yi wuya, ko ya jijjiga, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, ko wani ruwa ya fito ta hanci ko kunne, su dawo da shi a daren nan, kuma a kai shi inda ake ɗaukar hoto.